Houston Rockets: Udoka ya wanke kunyar ƙungiya, yanzu kofi magoya baya ke nema a hannunsa

A ranar 21 ga Oktoban 2025 aka buɗe sabuwar kakar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kuma Houston Rockets ce ta ziyarci mai riƙe da kofi a lokacin, Oklahoma City Thunder, a daren farko. Shekara biyu da rabi kafin nan, da wani ya ce masu shirya gasar za su zaɓi Houston ta buɗe musu kaka, da dariya za a yi masa. A lokacin ƙungiyar ta shafe kaka uku a jere a can ƙasan teburi: ta ci wasa 17 a ta farko, 20 a ta biyu, 22 a ta uku. A dunƙule, a ƙarƙashin koci Stephen Silas ta yi nasara a wasa 59, aka doke ta a 177, har da wani lokaci da ta sha kashi sau 20 a jere.

A watan Afrilun 2023 aka sallami Silas, aka ɗauko Ime Udoka. Sunan ba baƙo ba ne a Najeriya. An haife shi a birnin Portland na Amurka, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya kuma buga wa D'Tigers a gasar duniya ta 2006, ya ci tagulla da ita a gasar Afirka ta 2005 da ta 2011. 'Yar uwarsa Mfon ita ma ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 2004. Ya koyi horarwa a hannun Gregg Popovich a San Antonio, ya kai Boston wasan ƙarshe a 2022 a kakarsa ta farko a matsayin babban koci, kafin ƙungiyar ta dakatar da shi saboda saɓa dokokinta, daga bisani suka raba gari. Houston ta ɗauke shi da wannan tabo, tana sane.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa ake yabonsa. A kakarsa ta farko Houston ta ci 41 aka ci ta 41. A ta biyu ta ci 52, ta zo ta biyu a shiyyar Yamma. Ƙungiyar da a da kowa ke zura mata ƙwallo yadda ya ga dama ta shiga sahun goman farko a tsaron gida, ta kuma zarce kowa wajen cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando. Duk wanda ya hana idonsa barci ya kalli wasanninta, da ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a agogon Najeriya, ya ga bambancin tun kafin a kawo masa alƙaluma. Udoka ba ya jin nauyin zaunar da matashin da ya yi sakaci, komai girman sunansa, kuma ba ya rufa wa 'yan wasansa asiri a gaban 'yan jarida idan suka yi wasa da sanyin jiki.

Sai dai kafin a ɗora masa yabon gaba ɗaya, ya kamata a waiwayi Detroit, domin tamkar an shirya gwajin ne da gangan. A wannan bazarar ta 2023 ita ma Detroit Pistons ta sauya koci bayan ta ci wasa 17 kacal. Ta ɗauko Monty Williams, wanda ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, aka kuma zaɓe shi gwarzon koci a 2022, ta ba shi kwantiragin shekara shida kan dala miliyan 78.5, kuɗin da ba a taɓa biyan wani koci ba a gasar har zuwa lokacin. A zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar ma tagwaye ƙungiyoyin biyu suka raba: Houston ta ɗauki Amen Thompson a lamba ta huɗu, Detroit ta ɗauki ɗan uwansa Ausar a ta biyar. Amma Detroit ta ƙare kakar da nasara 14 da rashin nasara 68, ciki har da shan kashi sau 28 a jere, abin da ba a taɓa gani ba a cikin kaka guda. A watan Yunin 2024 aka sallami Williams, da sauran shekara biyar na albashi a kan ƙungiyar.

Ruwa ba ya tsami banza. Bambancin ya fara ne daga ofishin masu ƙungiya, tun kafin a zo filin atisaye. A NBA ba a mayar da ƙungiya rukuni na ƙasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Maimakon haka, waɗanda suka fi shan kashi su ne ke samun dama mafi girma a ƙuri'ar da ake jefawa don zaɓen fitattun matasa. Ma'ana, akwai shekarun da faɗuwa riba ce ga ƙungiya, kuma shugabanninta sun san haka ko da ba su furta ba. An ɗauki Silas a 2020 domin ya horar da James Harden da Russell Westbrook; cikin wata uku duka biyun sun bar gari, aka bar shi da yara. A kakar 2021 zuwa 2022 Houston ta biya John Wall sama da dala miliyan 40 ya zauna lafiyarsa ƙalau bai buga ko wasa ɗaya ba, don kada ya tare wa matasa wuri. Kocin da aka yi wa haka, ba nasara aka ɗauke shi ya kawo ba.

Zuwan Udoka ya dace da ranar da wannan lissafi ya ƙare. Tun a cinikin Westbrook na 2019 Houston ta jinginar wa Oklahoma da damarta ta zaɓen 2024, sai dai in ta faɗo cikin huɗun farko. Ci gaba da faɗuwa ya zama noman da wani zai girbe. Nan take mai ƙungiyar, Tilman Fertitta, ya buɗe bakin aljihu: Fred VanVleet, wanda ya ci kofi da Toronto a 2019, ya samu kwantiragin kusan dala miliyan 130 na shekara uku, Dillon Brooks ya samu sama da miliyan 80 na shekara huɗu. Detroit kuwa a wannan bazarar ba ta kawo wa Williams gogaggen da zai ɗauki nauyi irin wannan ba. Sai da ta sauya shugaban sashen wasanni, ta kawo Tobias Harris da Malik Beasley da Tim Hardaway a 2024, sannan sabon kocinta J.B. Bickerstaff ya ninka nasarorin sau uku, zuwa 44. Masu aiki a ma'aikatun gwamnati ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Idan aka kawo sabon shugaba alhali kasafi da ma'aikata da umarnin da ke zuwa daga sama duk suna nan yadda suke, hoton bango kawai aka sauya.

Wannan ba rage wa Udoka daraja ba ne. Ba kowane koci ne zai karɓi waɗannan kayan aiki ya fitar da nasara 52 ba, kuma yadda ya mayar da Amen Thompson ɗaya daga cikin fitattun masu tsaro biyar na gasar, ya kuma gina wasa a kan Alperen Sengun ɗan Turkiyya har aka zaɓe shi wasan taurari, aikinsa ne. Abin lura shi ne magoya baya sun fi son labarin mutum ɗaya da ya zo ya gyara komai, saboda ya fi daɗin faɗa. Irin wannan labarin kuma yana da bayansa: wanda aka ce shi kaɗai ya gyara, ranar da abu ya ɓaci shi kaɗai za a ce ya ɓata.

A 2023 buƙatar mutanen Houston ba ta wuce a daina yi musu dariya ba. Da aka samu 41, suka ce saura shiga wasannin fidda gwani. Da aka shiga, Golden State ta fitar da su a zagayen farko a wasa na bakwai, a gidansu, da ci 103 da 89. Ciwon ya yi zafi ne saboda tsohon miki ya fama: karo na biyar ke nan tun 2015 da wannan ƙungiya ɗaya ke kawo ƙarshen tafiyarsu, kuma har yau ba su manta da daren 2018 ba, lokacin da 'yan wasansu suka ɓarar da jifa mai maki uku sau 27 a jere. Wasannin 2025 sun fallasa gurbin da tsaro ba zai cike ba. Idan wasa ya ƙulle a mintunan ƙarshe, Houston ba ta da wanda za a miƙa wa ƙwallo a ce ya nemo maki ko ta halin ƙaƙa. Jalen Green, wanda aka sa wa rai, ya ci maki 38 a wasa na biyu, amma bai haura 12 ba a ko ɗaya daga sauran shidan.

Amsar ƙungiyar ita ce Kevin Durant. Ta ba Phoenix Green da Brooks da damar zaɓe ta goma da wasu ƙananan damammaki biyar, ta karɓi ɗaya daga cikin manyan masu cin maki a tarihin wasan. Ta tsawaita kwantiragin Udoka, ta ƙara da Dorian Finney-Smith da Clint Capela da Josh Okogie, haifaffen Legas kuma ɗan D'Tigers. Daga ranar da aka sanar da cinikin, ma'aunin ya sauya. Ba wanda ke ɗauko mai shekara 37 domin a yi gini a hankali.

A ganina, a nan ne burin magoya baya ya fara gudu ya bar ƙafarsu a baya. Matsayi na biyu da Houston ta samu a kakar 2024 zuwa 2025 ya fi kyau a takarda. Tazarar wasa 16 ce tsakaninta da Oklahoma mai nasara 68, alhali wasa huɗu ne kacal tsakaninta da ta takwas. Mako biyu na rashin sa'a sun isa su mayar da ta biyu ta bakwai a wannan shiyya. Durant ya ci matsakaicin maki sama da 26 a kowane wasa a waccan kakar, amma hakan bai hana Phoenix ƙarewa da nasara 36 ba, kuma ƙungiyar ta sallami koci uku cikin shekara uku yana cikinta. Sannan ga babbar matsala: a watan Satumban 2025 VanVleet ya tsinke jijiyar gwiwa a wurin atisaye, raunin da kan cinye kaka guda. Shi ne mai raba ƙwallo, shi ne muryar koci a cikin fili, kuma dokokin ƙayyade albashi sun ɗaure hannun ƙungiyar wajen nemo madadinsa a lokacin. Dole nauyin ya faɗa kan Thompson, wanda jifansa daga nesa bai nuna ba tukuna, da Reed Sheppard, wanda Udoka bai cika sa shi a fili ba a kakarsa ta farko.

Akwai wani tarihi da zai iya ƙara wa magoya baya zumuɗi. Rudy Tomjanovich ya karɓi Houston a tsakiyar kaka a Fabrairun 1992, bai kai ta wasannin fidda gwani ba a shekarar, ya ci 55 a ta gaba aka fitar da shi a wasa na bakwai, sannan ya ɗauki kofi a 1994, ya maimaita a 1995. Kamar an zana wa Udoka hanya, shi ma ga shi a kakarsa ta uku. Amma Tomjanovich yana da Hakeem Olajuwon a ganiyarsa, mutumin da a 1994 ya haɗa kyautar gwarzon gasa da ta gwarzon mai tsaro da ta gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya. Houston ta 2025 tana da tauraro da ya haura ganiyarsa da wasu biyu da ba su kai tasu ba. Zuwa 2025, shekara 30 ke nan birnin na jiran kofi na uku, kuma jiran ne ke sa a yi wa rogo kallon kitse.

Shi ma Udoka ya san irin gasar da yake ciki. Denver ta sallami Michael Malone a Afrilun 2025, saura wasa uku a kammala kaka, ƙasa da shekara biyu bayan ya ci mata kofinta na farko. New York ta kori Tom Thibodeau kwanaki kaɗan bayan ya kai ta wasan ƙarshe na shiyyar Gabas, matakin da rabonta da shi tun 2000. Mike Brown, wanda ya jagoranci D'Tigers ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci na 2021, an zaɓe shi gwarzon koci a 2023, Sacramento ta sallame shi a Disambar 2024. Babu ɗaya daga cikinsu da aka kora don ƙungiyarsa ta koma inda ya same ta. An kore su ne don sun ɗaga buri sama, sannan suka kasa cim masa da saurin da ake so. Sabon kwantiragi kuma ba laya ba ce, Monty Williams shaida ne.

To mene ne adalci a nema daga gare shi a kakar 2025 zuwa 2026? Zuwa farkon wannan kakar, rabon Houston da tsallake ko da zagaye ɗaya na wasannin fidda gwani tun 2020. Wannan shi ne bashin da ake bin Udoka, kuma da Durant a hannunsa ba shi da uzurin kasa biya, ko da VanVleet ko babu. Bayan haka, abin dubawa shi ne ko kocin da ya yi suna da tsauri zai iya haƙuri da kurakuran Sheppard na watannin farko, tunda yanzu ba shi da gogaggen da zai maye gurbinsa da shi, da kuma ko zai iya taƙaita mintunan Durant a watan Disamba da Janairu don ya same shi da ƙarfinsa a Afrilu. Waɗannan biyun suna cin karo da ɗabi'arsa ta son cin kowane wasa, suna kuma cin karo da son ran 'yan kallo da za su fara gunaguni da zarar an sha kashi uku a jere. Idan Houston ta ƙare ta huɗu ko ta biyar amma ta shiga zagaye na biyu da matasanta sun ƙara gogewa, kakar ta biya kuɗin sabulu, ko da an ji ana ƙorafi a Texas. Idan kuwa ta sake cin wasa hamsin da wani abu aka fitar da ita a zagayen farko, ranar ce za a fara tambayar ko mutumin da ya iya fitar da ƙungiya daga rami shi ne kuma zai iya kai ta ga kofi, kuma Fertitta ne zai fara yin tambayar kafin 'yan kallo.