Kaka da jika sun buƙaci tafinta: darasi daga Masedoniya



Makon jiya ina aikin dare aka kwantar da wani yaro ɗan shekara shida mai zazzaɓi. Kakarsa ce ta kwana da shi, domin uwar na jego. Can cikin dare ya farka da kuka, tsohuwa ta rungume shi tana cewa, "Maigidana, ina ke maka ciwo?" Ya amsa da Turanci. Ba ta ji nasa ba, bai ji nata ba. Ni na zama tafinta tsakanin kaka da jikanta, ashe cikinsa ke murɗawa.

Abin ya tsaya mini a rai, har ya tuna mini labarin wata ƙaramar ƙasa da na taɓa karantawa, wato Masedoniya ta Arewa, maƙwabciyar Girka da Bulgariya a kudu maso gabashin Turai. Mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Harshensu na cikin dangin harsunan Silabik, ɗan'uwan Rashanci ne da Sabiyanci da Bulgariyanci.

Shekaru aru-aru wannan harshe bai da gurbi a aji. Masu mulki sun sha sauyawa, yara na karatu da Girkanci ko Bulgariyanci ko Sabiyanci, na gida kuwa ana ɗaukar sa karin harshen ƙauye. A 1903 wani malami, Krste Misirkov, ya wallafa littafi yana kira da a tsayar da shi a rubuce. Sai a 1945 aka amince da haruffansa guda 31. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Blaze Koneski, matashin da a lokacin bai cika shekara 25 ba, wanda ya fitar da littafinsa na nahawun harshen a 1952. A shekarar ce kuma Horace Lunt na Jami'ar Harvard a Amurka ya fitar da nasa da Turanci, duniya ta samu ƙofar shiga. Tun ƙarshen shekarun 1960, duk bazarar Turai jami'ar Skopje, babban birnin ƙasar, na tara malamai da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban a garin Ohrid na bakin tafki, su yi makonni suna koyon harshen. Har yau hukumomin Bulgariya na cewa reshen harshensu ne, malaman kuwa ba su fasa koyarwa ba.

Ga inda nake so mu lura. Su Koneski ba ƙirƙiro harshe suka yi ba. Daga bakin mutanen yankin Prilep da Bitola da Veles suka ɗauko shi suka daidaita. To, wa ya adana shi duk tsawon lokacin da makaranta ta juya masa baya? Uwa mai rarrashin goyo, da kaka mai tatsuniya. Da sun yi shiru, da malamai ba su tarar da abin rubutawa ba.

Sai kuma ɗaya gefen. 'Yan Masedoniya da yawa sun yi ƙaura zuwa Toronto a Kanada. A jami'ar birnin, Farfesa Christina Kramer ta daɗe tana koyar da harshen, har ta rubuta littafin koyonsa a 1999. Ku duba fa: jika ya girma, ya zauna a aji da littafi yana haddar abin da kakarsa ke da shi kyauta a baki. Madalla da irin waɗannan malamai, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban ce a hana yara Turanci ba, nawa ma suna yi. Sai dai tun daren nan na kafa doka a gidana: lokacin cin abinci da lokacin kwanciya, Hausa zalla. Na kuma koya wa autana sunayen gaɓoɓin jiki, da bambancin "yana zafi", "yana murɗa", "yana suka". A asibiti wannan ba ado ba ne, shi ke nuna mana inda za mu duba.

Ke fa, 'yar'uwa, in yau ɗanki ya kwana da kakarsa, za su fahimci juna? Ina jiran amsoshinku a ƙasa. Allah ya raya mana zuri'a.