Mutanen Mpape, Wa Ke Magana da Yawunmu?

Mutanen Mpape. Iyayenmu Gbagyi masu gari, da mu da neman abinci ya kawo daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato har da Maraɗi. Masu fasa dutse, direbobin tifa, 'yan garuwa, 'yan acaɓa, masu shayi, da iyaye mata masu tuyar ƙosai a bakin titi, ku ba ni aron hankalinku.

Kwanakin baya wata farar mota mai tambari a ƙofa ta hayo tudun nan, ta tsaya a layinmu. Samari biyu da budurwa ɗaya suka fito, rigunansu iri ɗaya. Aka tara mata da yara, aka ba kowace sabulu biyu da bokitin roba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai goyon jikanta da tari ya hana shi barci, aka ce ta ɗan ɗaga bokitin sama ta yi murmushi. Aka ɗauki hoto, aka miƙo takarda ta dangwala. Na tambayi ɗaya saurayin me aka rubuta a ciki, ya ce, "Baba, rahoto ne kawai." Na ce wa za a kai wa? Ya ce, "Manya." Suka tafi, ƙurar tifa ta rufe bayan motarsu. Bokitin bai kai wata ba ya tsage. Rahoton kuwa yana can kan teburin wani, ɗauke da abin da aka ce mun ce.

Ban kawo wannan don in zagi masu agaji ba, Allah ya saka musu da alheri. Na kawo shi ne don mu gane mun yi ciniki baibai. Mun karɓi roba, mun ba da baki. Alhali a garin nan na Abuja, takardar da ta dangwala ta fi bokiti dubu daraja, domin da irinta ake juya gwamnati.

In wani yana shakka, ya tuna 2012. A shekarar ne hukumomin babban birnin tarayya, zamanin minista Bala Mohammed, suka sa Mpape cikin jerin unguwannin da za a rushe. Waɗanda ke nan a lokacin ba su manta ba. Mai gida ya kwana yana kallon kwanon rufinsa, mai haya ya ɗaure kaya bai san inda zai nufa ba, in aka ji rugugin babbar mota da asuba sai gaba ya faɗi, a ɗauka katafila ce. Kuma tsoron ba na banza ba ne, don an ga rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, an kuma ji labarin Maroko a Legas, inda aka kori mutum wajen 300,000 a Yulin 1990. Me ya hana Mpape bin sahunsu? Mazauna suka haɗa kai suka garzaya kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu, ƙungiyar Amnesty International ta ɗauki maganar ta yayata ta a duniya. Aka yi ta ɗage zama shekara da shekaru, har a Fabrairun 2017 Babbar Kotun Abuja ta yanke hukuncin cewa shirin rusau ɗin ya saɓa wa doka. Ɗakin da kake karanta wannan takarda a cikinsa, wataƙila albarkacin wannan tsayuwa ce yake tsaye.

To amma ku lura da tsarin abin. Mutanen unguwa ne suka fara tashi, ƙungiya ta tarar da su a tsaye. Sai ga jinka a ƙasa an kama, sannan na waje ya sa hannu.

Ƙungiyar agaji ba ta da soja, ba ta da kujera a majalisa. Makaminta shaida ce da naci, da sanin abin da gwamnati ke jin kunyarsa. Gwamnatocinmu suna son zuwa taron duniya su rattaba hannu a kan yarjejeniya, a tafa musu. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa a 1993, wadda ta ƙunshi haƙƙin muhalli. Kundin Afirka na haƙƙin ɗan Adam kuwa tun 1983 ya zama dokar ƙasa. Aikin ƙungiyoyi shi ne su ɗauko takardar daga inda aka jefa ta, su ce, "Ranka ya daɗe, ba sa hannunka ba ne wannan?" Haka wata ƙungiyar Legas mai suna SERAC ta yi tare da wata takwararta ta Amurka a 1996, suka kai ƙarar gwamnatin soja gaban Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul kan abin da aka yi wa mutanen Ogoni. A 2001 hukumar ta ce an zalunce su, ta kuma ce haƙƙin matsuguni yana cikin abin da kundin ya kare. Har yau lauyoyin talakawa a nahiyar nan suna kafa hujja da wannan hukunci.

Ko bashin da aka yafe wa ƙasar nan, kuna tsammani tausayi ne ya sauko wa Turawa rana tsaka? A 1998 mutum kusan 70,000 suka riƙe hannun juna suka yi wa taron shugabannin manyan ƙasashe zobe a Birmingham ta Ingila, ƙarƙashin gangamin Jubilee 2000, suna neman a sauke wa ƙasashe matalauta nauyin bashi. Coci-coci da ƙungiyoyin agaji ne suka tara su. Suka yi ta matsa wa gwamnatocinsu lamba har maganar ta zama abin da ɗan siyasa ba ya iya kauce masa. Da Shugaba Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala suka zauna da masu bin bashi na Paris Club a 2005, ƙasa ta riga ta jiƙa. Aka yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12. Kuɗin da aka huta biya aka ce a zuba su a lafiya da ilimi da ruwan sha, aka ɗora Amina Mohammed a kan ofishin da ke kula da su, wadda daga baya ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko kuɗin sun isa inda aka nufa duka, wannan zance ne na wata rana.

Amma labarin da nake so ya zauna a zukatanmu shi ne na Bagega, domin ciwonsu ɗan'uwan namu ne: dutse, ƙura, da yara.

Bagega ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. Mutane suna haƙo duwatsun zinariya, su kawo cikin gida a daka, a niƙa, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Ba su san dutsen yana ɗauke da dalma ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan yankin, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. Aka tsabtace wasu ƙauyuka, Bagega aka bar ta tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Likitocin suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya kwanta cikin gubar, sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar tukuna. Wata ya bi wata, kuɗi shiru. Sai wasu matasa a nan Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka je ƙauyen da ƙafarsu, suka ɗauko muryoyin iyaye, suka watsa a intanet, Human Rights Watch ta kama musu, aka cika shafin Shugaba Jonathan na Facebook da tambaya ɗaya: ina kuɗin Bagega? A Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe ƙasar, aka fara yi wa yaran magani. Matasan nan ba 'ya'yan sarki ba ne, ba su da ko kansila. Waya ce a hannunsu irin wadda ke aljihunka.

Yanzu ku waiwayo gida. Wace uwa ce a Mpape ba ta san sai ta sake ɗauraye kwanon da ta wanke da safe kafin ta zuba abincin rana ba? Shanya fara ta koma ruwan toka. In aka tashi nakiya, kwanon rufi ya yi kuka, yaro ya zabura daga barci, tsagar bango ta ƙara tsawo. A farkon Satumban 2018 ƙasa ta yi ta motsi a nan kwana da kwanaki, mutane suka kwana a waje, har hukuma ta dakatar da fasa dutse na ɗan lokaci. Da tsakuwarmu aka shimfiɗa titunan Maitama da muke hangowa daga tudu. Tsohon ramin Crushed Rock da ruwa ya cika, 'yan birni suna zuwa ɗaukar hoto a bakinsa, su wuce ta gaban gidajen da ke sayen ruwa jarka-jarka. Ni ban ce a rufe wuraren fasa dutse ba, da su dubbanmu ke ci. Tambayata ita ce, yara nawa ne ke tari a unguwar nan? Gida nawa ne ya tsage? Wa ya ƙirga? In ba mu ƙirga ba, wani zai ƙirga mana daga cikin mota, gilashi a rufe.

Kada kuma mu ɗauka duk mai farar mota waliyyi ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiya tana da mai ba ta kuɗi, mai kuɗin yana da abin da yake so a faɗa, kuma ba kullum ya dace da addininmu da al'adarmu ko ainihin buƙatarmu ba. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo a 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Ba a ci galabarta ba sai da aka koma ta hannun sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mun kuma ga 2025, da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Wanda ya jingina da bangon wani, ranar da aka janye bangon zai sha ƙasa.

Mu a Abuja ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi mana doka, sanata ɗaya gare mu, ɗan majalisar wakilai ɗaya muke rabawa tsakanin Bwari da cikin birni. Amma abin da mutumin Anka zai kwana a mota kafin ya iso, mu gangara ce kawai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana Maitama. Majalisa tana kiran zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudirori, ƙungiyoyi su cika zauren da takardunsu, mu muna nan muna jin labari a rediyon mai shayi.

Ga kuma makamai an ajiye mana mun bar su suna tsatsa. Dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a Mayun 2011, bayan ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda sun yi shekaru suna fafutuka, ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalili ba. Wanda bai iya rubutu ba wani ya rubuta a madadinsa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a riƙa sabunta ta duk shekara biyar. Wa ya taɓa ganin ta unguwarsu? Wa ya sa hannu da sunanmu? Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin fasa dutse da tashin nakiya tun 2013. Sannan duk bayan shekara huɗu zuwa biyar Najeriya tana tsayawa gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Jeniba ta ba da bahasin yadda take riƙe da haƙƙin 'yan ƙasa, ta tsaya a Janairun 2024, kuma ana karɓar rahoton ƙungiyoyi ko ƙanana ne. Babu abin da ya hana sunan Mpape shiga ciki da alƙalaminmu.

Don haka, malamaina limamai, ku ware minti biyar bayan salla. Fastoci, ku yi haka ran Lahadi. Ranku ya daɗe masu unguwanni, ku buɗe zaure. Shugabannin 'yan tifa da 'yan acaɓa, kun iya tara kuɗin ƙungiya kullum ba fashi, to ku tara mana shaida. Iyaye mata masu adashi, babu wanda ya kai ku riƙon lissafi, ku ne za ku riƙe littafin. Kowane layi ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A rubuta ranar da aka tashi nakiya da ƙarfe nawa. A ɗauki hoton tsagar bango a sa kwanan wata. A rubuta yaron da aka kai asibiti da abin da likita ya ce, a adana katin. Samari da 'yan matan da suka yi boko, ku daina cewa ba aiki, ga aiki: ku rubuta wasiƙar neman bayani, ku kai da hannunku, ku tsaya sai an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.

In farar mota ta sake hayowa, ku tarbe su da mutunci, ku ba su wurin zama da ruwan sha. Kafin kowa ya dangwala, a karanta takardar da Hausa da Gbagyi a gaban jama'a. Ku tambaye su wa ya aiko su, wa za su kai wa, kuma yaushe za su dawo mana da kwafi. Sannan ku ɗauko littafin layinku ku ɗora musu a cinya, ku ce ranar da za su shiga wurin manyan, mutum biyu daga cikinmu za su bi su, mace ɗaya namiji ɗaya. Kuɗin motarsu mu za mu tara.