Ku Daina Ƙanƙantar Mana da Duwatsu

Akwai wata fatawa da ta zagaye masu koyon ɗaukar hoto, daga Kano zuwa Agadez har nan unguwarmu Sersouf ta Tamanrasset, wai duk mai son ɗaukar hoton duwatsu da sarari sai ya mallaki gilashin kyamara mai faɗi. Mai shago ya faɗa, malamin YouTube ya maimaita, yaro ya haddace, ya tara abin da ya samu a bukukuwan aure na shekara guda ya kai ya zube. Ni dai na ce wannan fatawa ba da mu aka yi ta ba, kuma ta cuce mu sau biyu: ta cinye kuɗin samari, ta kuma mayar da manyan duwatsunmu kamar kunyar doya a cikin hoto.

Bari in fara da bayanin lambobin, don da su ake ruɗa mutane. Kowane gilashin kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lens, yana ɗauke da lamba a milimita. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai yawa, amma komai ya fito ƙarami. Babbar lamba tana yanko ɗan wuri ta cika hoton da shi. A kan babbar kyamara, wadda farantin karɓar haskenta ke da faɗin milimita 36 da tsayin 24, gilashi mai lamba 16 yana ganin sama da digiri 100 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 50 yana ganin kusan digiri 47, mai 200 kuwa digiri 12 kacal.

To ga lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. Ka ɗauka akwai dutse mai tsayin mita 500, kana tsaye kilomita 10 daga gindinsa. Da gilashi mai lamba 16, tsayin dutsen a kan farantin bai cika milimita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin talatin na tsayin hoton. Sauran duk sama ce da tsakuwa. Da mai lamba 200, dutsen nan zai kai milimita 10, ya doshi rabin hoton. Dutse ɗaya, wuri ɗaya, sa'a ɗaya. Wannan lissafin firamare ne, ba ra'ayina ba, kuma duk mai shakka ya hau rufin ɗaki a Sersouf ya nufi Adriane ko tsaunin Iharen da wayarsa, ya ga abin da za ta ba shi. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da gilashi mai lamba 24 zuwa 26 ne, shi ya sa dutsen da ya cika maka ido yake komawa ɗan kumburi a allon waya. Ashe ke nan wanda ya sayi gilashi mai faɗi ya biya kuɗi ne don ya ƙara cutar da wayarsa ke da ita tun farko.

Daga ina fatawar ta fito? Daga ƙasashen da take aiki. Gilashi mai faɗi yana son abu a gabansa, kusa-kusa: furanni, tafki mai nuna hoton dutse, igiyar ruwa a bakin teku, itacen da ya faɗi. Mai ɗaukar hoto a Sikotlan ko Suwizalan zai durƙusa a bakin ruwa, ya cika ƙasan hoton da abin da ke gaban ƙafarsa, ya cika sama da gajimare. Mu kuwa me ke gaban ƙafarmu a Hoggar? Baƙar tsakuwa. Me ke samanmu mafi yawan kwanakin shekara? Shuɗi fes, babu ko ɗigon gajimare. Duk dukiyar wurin tana can nesa, a cikin tsaunukan da tsohon aman wuta ya bari tsaitsaye kamar yatsu, layi bayan layi, kowane layi da irin duhunsa. Wanda ya kwaso dokar bakin tafki ya kawo ta nan ya yi daidai da mai sayen kwale-kwale zai tafi In Guezzam.

A je Assekrem a gani. Wurin yana da nisan kusan kilomita 80 daga Tamanrasset, a tudun da ya haura mita 2,700, inda Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911. Mutane suna kwana cikin sanyin da ke ratsa ƙashi don su ga fitowar rana a bayan tsaunuka. Sai rana ta leƙo, kowa ya ɗaga gilashi mai faɗi, ya koma gida da hoto iri ɗaya: wani baƙin zare a tsakiya, da ɗigon haske kamar kan ashana. Faɗin rana a sama bai wuce rabin digiri ba. A gilashi mai lamba 24, ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita da kaɗan a kan faranti. A mai lamba 200 takan kusa milimita biyu, ta zama rana ta gaske, tsaunuka kuma su jeru a gabanta kamar sahun salla. Wanda ya sha wannan wahala ya dawo da kan ashana, hangen Dala ya yi, bai shiga birni ba.

Aikina na rediyo ne, kuma mun san wannan matsala da kunne. Ka shiga kasuwa ka ɗaga makirufo sama don ka kwashi komai, abin da za ka kawo situdiyo hayaniya ce wadda ba wanda zai saurara. Sai ka zaɓi mutum ɗaya, ka kai makirufo bakinsa, sannan kasuwar ta samu murya. Hoto ma haka yake. Gilashi mai faɗi yana yi wa malalaci daɗi saboda ba ya tilasta masa zaɓi. Dogon gilashi kuwa tambaya yake yi maka kafin ka danna: a cikin duk abin nan da ke gabanka, wanne ne ya tsayar da kai? Wanda ba shi da amsa bai shirya ɗaukar hoto ba tukuna.

Kada a ce ƙauyanci ne ya sa nake faɗin haka. Ansel Adams, Ba'amurken da masu wannan fatawa ke rantsuwa da sunansa, ya ɗauki shahararren hotonsa na wata da dutsen Half Dome a 1960 da kyamarar Hasselblad da gilashi mai lamba 250. Ya ga abin da yake so yana nesa, ya jawo shi. Almajiran ne suka fi malam zaƙewa.

Na san abin da za a ce mini, kuma wani ɓangare nasa gaskiya ne. Za a ce dogon gilashi yana shan wahala a ƙura. Haka ne. Duk kilomitan da ke tsakaninka da dutse cike suke da iska, kuma idan hazo ya sauka ko zafin rana ya sa iskar ta fara rawa, hoton zai yi dishi-dishi komai tsadar gilashin. Maganin wannan tashi da asuba ne, kafin ƙasa ta ɗauki zafi, ko jiran la'asar sakaliya. Hazo mara kauri ma riba ce, shi ke raba layin tsauni na gaba da na baya, ya ba hoton zurfi. Za a ce kuma dogon gilashi yana nuna rawar hannu. Wannan ma haka ne, shi ya sa ake cewa a lamba 200 kada saurin ƙyaftawar kyamara ya gaza ɗaya bisa 200 na daƙiƙa idan a hannu take. Amma abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ya kashe wannan magana, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na gilashin da ake tallata mana ba.

Ban ce gilashi mai faɗi ba shi da rana ba. Wanda zai ɗauki taurari a daren Hoggar yana bukatarsa, kuma mai buɗaɗɗiyar ƙofar haske. Wanda ya shiga matsattsen kwazazzabo, ko ya tsaya a bakin ruwan da ke kwance tsakanin duwatsu a Afilal, ba shi da wurin ja da baya, dole ya faɗaɗa. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da kayan aikin wuri ɗaya ya zama farilla a ko'ina, kuma a sa shi a gaban layin abin da yaro mai ƙaramin ƙarfi zai fara saya.

Nan ne rigimata da masu shago take. Yawancin samarinmu ba babbar kyamara ke hannunsu ba, matsakaiciya ce irin ta Canon ko Nikon, wadda ta zo da gilashi mai lamba 18 zuwa 55. A irin wannan kyamara ana ninka lambar da 1.6 idan Canon ce, da 1.5 idan Nikon ce ko Sony, don farantinta ya fi ƙanƙanta. Ke nan 18 ɗin nan ta kai kusan 28, faɗin da ya ishi kowa. Abin da yaron ya rasa shi ne nesa. Gilashi mai lamba 55 zuwa 250, ko 70 zuwa 300, wanda yake cikin mafi araha a kasuwa, ko da na hannu ne, zai kai shi har daidai 400 ko fiye. Amma mai shago ya san inda ribarsa take. Sai ya ciro mai faɗin nan da aka rubuta wa f/2.8, ya ce wannan ne na ƙwararru. Ba zai gaya masa cewa hoton duwatsu da rana a f/8 ko f/11 ake ɗaukarsa ba, inda gilashi mai araha da mai tsada suke kusan kunnen doki. Buɗaɗɗiyar ƙofar da aka biya dominta, ta masu ɗaukar ƙwallo ce da dare da masu biki a ɗaki mai duhu. Ko a dogayen gilasai, mai lamba 70 zuwa 200 na f/2.8 yana kai kilo ɗaya da rabi, ɗan'uwansa na f/4 kuwa kusan rabin haka. Wanda ya taɓa hawa daga masaukin Assekrem zuwa saman tudun kafin alfijir ya san abin da rabin kilo ke nufi.

Akwai kuma ƙura, wadda littattafan can ba su damu da ita ba. Duk lokacin da ka cire gilashi a fili, ka buɗe wa yashi ƙofa har kan faranti, kuma ɗigon ƙurar nan a kan shuɗiyar sama ya fi fitowa, musamman idan ka matse ƙofar haske. Mai jakar gilasai huɗu da ke ta canje-canje a iska yana tara wa kansa aiki ne. Ka zaɓi ɗaya tun a ɗaki, ka ɗaura, ka fita.

Wani zai ce, duk wannan zafi a kan gilashi? E, domin abin ya wuce gilashi. Idan aka ambaci Tamanrasset a labarai, yawanci maganar korar 'yan ci-rani ce zuwa Assamaka, da hoton fili fayau da mutane kamar tururuwa. Duniya ta riga ta yanke cewa babu komai a Sahara sai wofi. Mu kuma da muke zaune a gindin Tahat, tsauni mafi tsawo a Aljeriya mai kusan mita 2,900, sai mu ɗauki kayan aikin da aikinsa ƙara wofi ne, mu tabbatar musu da zatonsu da hannunmu. Haka ake yi wa Bagzan a ƙasar Abzin, haka ake yi wa Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara. Dubi dutsen Zuma a takardar naira 100, yadda ya cika wurinsa da kwarjini, sannan ka dubi hotunan da matafiya ke ɗauka ta tagar mota a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Wanda ya zana na takardar ya san dutse ake son gani.

Shawarata ga ƙanina mai shirin sayayya ita ce kada ka ba kowa kuɗinka sai ka yi gwaji. Ka ari dogon gilashi na yini ɗaya, ka tsaya wuri guda da sassafe, ka ɗauki dutse ɗaya da shi, ka sake ɗauka da wanda ya zo da kyamararka a lamba 18. Ka kai hotunan biyu wurin tsohuwarka, wadda ba ta taɓa jin sunan milimita ba, ka tambaye ta wanne ne dutsen da ta sani. Abin da ta nuna, shi za ka saya. Canjin da ya rage ka sayi mai ƙafa uku da shi, ka zuba mai, ka tafi inda duwatsun suke.