Tsakanin Nonon Vom da Sukarin Apapa

Sanin kowa ne cewa garin Vom, da ke kudu da Jos, a kan shanu ya yi suna. Tun 1924 aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a can, wadda ta yi ta haɗa allurar rigakafin bushiya domin garkunan Fulani, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuma daga Vom ake aika man shanu da cuku zuwa manyan garuruwan ƙasar nan. Har gobe ana sarrafa madara a garin, a gonakin Birom da ke kewaye da shi kuwa ana noman acca. Nono da hatsi ke nan, watau irin cimar da ta raini kakannin 'yan Arewan da ke zaune yau a Sabo ta Badun, da Agege, da Anacha, da Fatakwal.

Cimar tana nan. Abin da ake zuba mata ne ya sauya. Farin sukari da can kayan marmari ne, amma tun da aka fara yinsa a Bacita a 1964, aka biyo da na Numan, aka kuma buɗe babbar matata a Apapa a 2000, sai ya zama ba ya wuyar samu ga kowa. Yau da ƙyar mai nono ta dama fura ba ta antaya shi ba, har wanda ya ce a bar masa tasa haka nan akan yi masa kallon marar lafiya.

Wanda ya baro iyalinsa a gida ya fi kowa shiga wannan hatsari, gama ba shi da mai girka masa. Da asuba yana teburin mai shayi, cokali uku ko huɗu a kofi, ga madarar gwangwani, ga burodi. Rana ta take, zafin Kudu ya dame shi, ya sha lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da baligi ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, in ma da hali a tsaya a rabin haka. To, kwalba guda mai rabin lita ta irin lemon da aka fi sha tana ɗauke da kusan wannan adadi duka. Kafin azahar mutum ya wuce rabonsa na yini guda, kuma bai san ya ci kome ba.

Nan ne makircin abin yake. Tuwo yana cika ciki ya sa a janye hannu, amma sukarin da aka narka a ruwa ba ya ƙosarwa, saboda haka ƙari ne a kan abinci. Wani kashi nasa yana shiga jini nan da nan, wani kuma hanta ce ke karɓa, ta mai da rarar kitse. A kwana a tashi teɓa ta fito, jiki ya daina jin sinadarin insulin da ke daidaita sukarin jini, daga nan sai ciwon sukari, da abokin tafiyarsa hawan jini. Lalle akwai gado a cikin sha'anin, akwai kuma yawan zama, kamar na ɗan canji ko mai tireda da ke yini a benci. Amma mutum ba ya zaɓen gadonsa, cokali kuwa a hannunsa yake.

Abin takaici, idan ɗan ci-rani ya je gida da salla da tumbi a gaba, cewa ake yi Kudu ta karɓe shi. Sai ƙishirwa da yawan fitsari sun matsa, ido ya fara dishi-dishi, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, sa'an nan a shiga aike Jos a sayo acca da tsada. Acca abinci ce mai kyau, amma ba magani ba ce, ba ta kuwa mayar da ƙafar da likita ya yanke. Wanda gida duka ke jiran aikensa ya koma shi ake jinya.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi. Niyyar ta yi kyau, amma naira 10 ba ta hana kowa sayen kome. Ingila ta ɗora nata harajin a 2018 bisa ga yawan sukarin da ke cikin kwalba, kamfanoni da yawa kuwa suka rage shi da kansu don gudun biya. Wannan jarida tana ganin hanyar da ta kamata a bi ke nan, a kuma tilasta rubuta yawan cokalin sukari ɓaro-ɓaro a jikin kowace kwalba da robar yogot.

Kafin gwamnati ta motsa, ya wajaba sarakunan Hausawa na unguwannin Kudu da limamai da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari su gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa awon jini a ƙofar masallatan Juma'a. Awon ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, kuma ba ya cin minti biyu.