Suwidin Ta Fanso Zanenta, Mu Kuma Fa?

A shekarar 1915 wani gwanin zane ɗan ƙasar Suwidin, Carl Larsson, ya gama wani ƙaton zane na fentin mai da ya raɗa wa suna Midvinterblot. Zanen yana nuna wani sarkinsu na zamanin maguzanci ana shirin yanka shi don a kori yunwa. Gidan tarihin ƙasar da ke Stockholm ya ƙi karɓa. A 1987 aka yi gwanjonsa a Sotheby's ta Landan, wani mutumin Japan ya saye. Sai a 1997 gidan tarihin ya fanso shi da gudummawar masu hali.

Me ya sa fansar ta yiwu? Domin an san wanda ya zana, da shekarar, da hannuwan da ya bi.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mu waiwayo gida. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan tarihin da ake wawashewa. Da dare ake tono su, ba a rubuta ramin da suka fito. Daga birnin Katsina zuwa iyakar Jibiya tafiya ce 'yar kaɗan, hanyar Maraɗi kuwa ga ta nan, ga kuma ɓarauniyar hanya birjik. Ma'aikacin kwastan ya san buhun shinkafa, amma wa ya koya masa darajar tsohon yumɓu? Dokar 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini, sai dai abin da ba a rubuta ba, da wace shaida za a neme shi?

Wasu za su ce ai gumaka ne, Allah ya raka taki gona. Mutanen Suwidin ma ba bauta wa zanensu suke yi ba. Mu ba bauta muke nema ba, shaidar cewa kakanninmu sun daɗe da sana'a muke nema.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sassan tarihi na jami'o'inmu su ɗauki hoto, su rubuta duk abin da aka tono, su kuma koyar da ma'aikatan Jibiya. Mu ɗalibai a shirye muke mu ba da hutunmu ga wannan aiki. Rigakafi ya fi magani.