Afuwar Gwamna Ba Ta Maye Gurbin Shari'a

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, bari mu ɗauki misalin wani talaka a Dogon Daji ko a Kebbe, wanda rigimar iyakar gona ta rutsa da shi. Ya bi ɗan'uwansa zuwa wurin faɗa, ɗan'uwan ya sari wani da adda, amma Allah ya yi da sauran kwanan wanda aka sara. To, bisa ga kundin laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, yunƙurin kisan kai yana iya jawo ɗaurin rai da rai, kuma wanda aka samu da tarayya cikin niyya yana iya shan hukunci ɗaya da mai addar.

Da zarar Babbar Kotu ta yanke hukunci, hannunta ya fita, ba ta da ikon sake duba shi. Abin da ya rage wa mutumin nan shi ne ya ɗaukaka ƙara cikin kwana 90. Idan lokacin ya wuce, sai ya roƙi ƙarin lokaci tare da hujja mai ƙarfi. Ina manomin da bai taɓa ganin lauya ba zai san wannan? Ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, amma ofishinta yana birni, shi kuwa yana bayan ƙarfe. Daga nan fa sai afuwar Gwamna, wadda sashe na 212 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Afuwa kuwa alfarma ce. In an hana ka, babu inda za ka kai kuka.

Mu dubi abin da Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi. A 2018 ta taƙaita dokar da ke ɗora wa ɗan rakiya laifin kisan da bai yi ba, bai kuma yi niyya ba. A 2021 ta faɗaɗa gyaran ya haɗa da yunƙurin kisa. Fursuna yakan rubuta wa kotun da ta ɗaure shi takardar neman a sake masa hukunci, a ba shi lauya, in kuma an ƙi, yana da damar ɗaukaka ƙara a kan ƙin da aka yi.

Kada wani ya ce wannan al'amarin Turawa ne. A nan Sakkwato, kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta rushe shi a watan Maris na 2002. Da babu alƙali na biyu, da ran Safiya ya salwanta.

Lalle muna sane da haƙƙin wanda aka sara, domin jininsa ba ruwa ba ne. Saboda haka ba cewa muke a buɗe ƙofar kurkuku kowa ya fita ba. Kiranmu ga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato shi ne ta yi dokar da za ta ba fursuna damar neman a sake auna hukuncinsa gwargwadon hannun da yake da shi cikin laifin, a saurari wanda aka cuta, a rubuta dalilin amincewa ko na ƙi, sa'an nan a bar hanyar ɗaukaka ƙara a buɗe.

Mu kuma ɗaliban shari'a, maimakon zaman hira lokacin hutu, mu nemi izni mu shiga gidajen yari mu sanar da ɗaurarru zancen kwana 90 ɗin nan. Gobe mu ne magatakardan kotu da alƙalai, kuma takardun waɗannan bayin Allah a kan teburinmu za su sauka.