Sihirin Wasannin Intanet: Ina Ainihin Haɗarin Yake?

A garuruwan kan iyaka irin su Araba ta ƙaramar hukumar Illela a Jihar Sakkwato, wadda tafiya kaɗan ce tsakaninta da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, wayar hannu ta daɗe da zama kayan fatauci. Sai dai wayar da ake jin farashin albasa da canjin sefa da ita da rana, ita ce kuma matasa ke buga wasannin intanet da ita da dare. Hankalin iyaye yakan tashi in sun ga ɗansu yana sarrafa wani boka da ke jefa wuta a fuskar wayar. Damuwar tasu tana kan hanya, amma ya kamata a san inda cutar take kafin a nemi magani.

Abin da ake kira sihiri a waɗannan wasanni lissafi ne tsagwaronsa. A World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, matsafin wasan yana da ma'aunin ƙarfi da ke raguwa duk lokacin da ya yi jifa, kuma jifa mai tsanani tana da lokacin hucewa da dole a jira kafin a maimaita ta. A RuneScape, wanda ya fito daga Ingila a 2001, sai ɗan wasa ya tara wasu duwatsu masu alama, kowace jifa ta cinye adadinta. Ɓarnar da jifar za ta yi wa abokin gaba kuwa kwamfuta ce ke ƙididdige ta, ta haɗa da 'yar ƙuri'a. Babu surkulle, babu aljani. Hukuncin siffanta tsafi a wasa na malamai ne, amma wajibi ne a kai musu bayanin yadda abin yake.

A ganin wannan jarida, babban haɗarin yana wurin da ƙuri'ar ta haɗu da kuɗi. A Genshin Impact, wanda ya fito daga Sin a 2020, ana iya biyan kuɗi a ja ƙuri'a don samun gwarzo mafi daraja, alhali damar dacewa a ja ɗaya 6 ce cikin 1,000, kuma tabbacin samu sai a ja na 90. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta bayyana akwatunan sa'a na kuɗi da ke wasu wasanni a matsayin caca. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasa cikin jerin cututtuka. Matashin da ribar dakonsa ko ta acaɓarsa ke zurarewa ta nan, ba boka ne ya cuce shi ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su tambayi 'ya'yansu nawa wasa ke ci da kuma awa nawa, maimakon ƙwace waya kawai, domin hani ba bayani yakan ƙara kwaɗayi. Majalisar Tarayya ta tilasta wa kamfanoni bayyana damar dacewa, ta kuma hana sayar wa yara ƙuri'a. Malaman lissafi kuma su ci moriyar abin: yaron da ya iya auna ƙarfi da lokacin hucewa ya kama hanyar fahimtar kaso da yiwuwa, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen kimiyyar kwamfuta da zai iya mayar da shi mai ƙera wasa, ba mai biya kaɗai ba. Allah Ya shirya mana zuriya.